Idan Tsokana Ta Bi Mutum Har Gida

Ƙannena masu cika gidajen kallo duk Asabar da Lahadi, ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wata shari'a. A shekarar 2023 alƙalan wata kotun ɗaukaka ƙara a ƙasar Sikotlan suka zauna a kan kalma guda mai harafi uku. Wani ɗan kallo ne ya jefi 'yan sanda da ita a filin Hampden da ke birnin Gilasgo, ranar wasan ƙarshe tsakanin Celtic da Hibernian. Kalmar ita ce "Hun". Babu mai musun cewa zagi ce. Abin da aka kai gaban alƙalai shi ne a tantance wanda aka zaga. Ɓangaren mutumin suka ce babu addini a ciki, laƙabi ne da ake tsokanar magoya bayan Rangers da shi. Masu ƙara suka ce cin mutunci ne ga mabiya ɗarikar Furotesta. Alƙalan suka ba masu ƙara gaskiya. Har yau kuma akwai dubban 'yan Celtic da za su rantse muku cewa alƙalan ba su san ƙwallo ba.

Kada ku zaci tsokana na zo hana ku. Ƙwallon da ba a tsiya a kansa ai lami ne. Ɗan Barcelona da Bayern ta ɗirka wa 8-2 a 2020 dole ya haƙura da duk abin da aka faɗa masa a majalisa. Ɗan Manchester United da Liverpool ta zura wa 7-0 a 2023 ya san washegari ba ranar fita da wuri ba ce. 'Yan Arsenal sun sha gori daga 2005 zuwa 2014, ana ce musu ko kofin shayi ba su ɗaga ba, kuma ba su mutu ba. A Gilasgo ma akwai irin wannan. Da bashi ya durƙusar da kamfanin Rangers a 2012, aka mayar da ƙungiyar rukuni na huɗu, sai 'yan Celtic suka samu abin yi. Har yanzu suna ce wa abokan hamayyarsu tsohuwar Rangers ta mutu, wannan wata sabuwa ce mai yawo da rigar gawa. Maganar tana da ciwo, amma a kan ƙungiya take, a kan kuɗi da kofuna. Babu wanda zai kai ta gaban alƙali.

Sauran kalmomin kuwa ba za ku gane nauyinsu ba sai kun san yadda garin ya ginu.

Rangers ce ta riga zuwa, a 1872, kuma samari huɗun da suka kafa ta ba addini ya tara su ba. Celtic ta biyo baya a ƙarshen 1887. Wani malamin Katolika ɗan ƙasar Ailan, Brother Walfrid, shi ya kafa ta domin a riƙa tara kuɗin ciyar da yaran talakawa a gabashin birnin. Talakawan nan 'ya'ya ne da jikokin mutanen da yunwa ta koro. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta cinye dankalin da mutanen Ailan suka dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Da yawansu suka tsallaka ruwa zuwa Gilasgo, su Katolika, masu masaukinsu kuma akasari Furotesta. Aka riƙa yi musu kallon baƙin da suka zo karya farashin ƙwadago. Duk da haka, wasan farko da Celtic ta buga a watan Mayun 1888 da Rangers ta buga shi, na sada zumunta ne, ta ci 5-2, aka tashi lafiya.

Gabar daga baya ta shigo, a hankali. Celtic ta yi ƙarfi, masu jin haushin baƙi suka nemi ƙungiyar da za ta taka mata birki, suka taru a bayan Rangers. A 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Harland and Wolff daga Belfast ya buɗe ma'aikata a unguwar Govan, dab da Ibrox, filin Rangers, ma'aikata Furotesta daga arewacin Ailan suka zo da kayansu da kuma tsohuwar ƙullatarsu. Can Ailan kuma ana ta yaƙin neman 'yanci, har aka raba tsibirin gida biyu a 1921. A 1923 babban cocin Sikotlan da kansa ya fitar da rahoto yana cewa mutanen Ailan barazana ne ga asalin ƙasar, bai kuma nemi gafarar wannan ba sai a 2002. Masu neman aiki sun saba da wata tambaya mai kama da ta banza: wace makaranta ka yi? Sunan makarantar ya isa a gane cocin da kake zuwa, daga nan sai a ce ka je za a neme ka. Ita Rangers ta shafe shekaru da dama tana bin wata doka da ba a rubuta ba, ta ƙin sayen ɗan wasa Katolika. Sai a watan Yulin 1989 kocinta Graeme Souness ya karya ta a bainar jama'a, ya sayi Mo Johnston, tsohon ɗan wasan Celtic. Wasu magoya baya suka ƙona gyalensu na ƙungiya a ƙofar filin. Celtic ba ta taɓa yin irin wannan doka ba, wannan kam a ba ta haƙƙinta. Jock Stein, kocin da ya ci mata kofin Turai a 1967, ya sa ta zama ta farko a duk Birtaniya da ta ɗauke shi, Furotesta ne. Amma tsabtar ofishin ƙungiya daban, bakin 'yan kallo daban.

A cikin wannan gari ne kalmomin suka yi girma. 'Yan Rangers na kiran 'yan Celtic "Fenian", sunan wata ƙungiya da aka kafa a 1858 don korar mulkin Birtaniya daga Ailan. Idan ka tuhume su sai su ce siyasa ce, masu goyon bayan 'yan tawaye suke zagi, ba ruwansu da coci. 'Yan Celtic na mayar musu da "Hun", sunan da mutanen Birtaniya suka laƙa wa Jamusawa a yaƙin duniya na farko don nuna su a matsayin marasa tausayi, ko kuma su ce "Orange", wato 'yan ƙungiyar nan ta Furotesta da ke maci duk ranar 12 ga Yuli don tunawa da nasarar Sarki William a yaƙin Boyne na 1690. Su ma idan ka tuhume su sai su ce ɗan Rangers kawai suke nufi, ko da kuwa bai taɓa taka coci ba. Kowane ɓangare ya tabbata nasa wasa ne, na wancan ne ƙiyayya. Laifi tudu ne.

Ni dai wani mako guda na watan Fabrairun 2019 ya ishe ni hujja, kuma abin dariya, ba ɗan Celtic ko ɗan Rangers abin ya faɗa wa ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce, Kilmarnock. Ranar Lahadi ta karɓi baƙuncin Celtic, 'yan kallon Celtic suka yi ta rera wa ɗan wasanta Kris Boyd zagi da kalmar "Orange", wani ma ya jefe shi da kwabo. Ranar Laraba ta je Ibrox, 'yan Rangers suka yi ta rera wa kocinta Steve Clarke zagi da kalmar "Fenian". To, Boyd a ce ya taɓa buga wa Rangers. Clarke fa? Bai taɓa sa rigar Celtic ba. Ku masu bin Chelsea kun san shi, can ya yi shekarunsa na wasa, ya kuma zama mataimakin Mourinho. Ba a san shi da siyasar Ailan ba. Abin da kawai ya haɗa shi da kalmar shi ne gidan Katolika da ya fito. Bayan wasan ya faɗa wa 'yan jarida cewa yana gode wa Chelsea da ta ɗauke shi daga yammacin Sikotlan tun yana saurayi, don 'ya'yansa sun tashi ba su san wannan abu ba. Idan kalmar siyasa ce, wace siyasa aka gani a wurin mutumin nan? Haka ɗan sandan Hampden. Rangers ba ta ma cikin fili a ranar. Me ya sa shi zama "Hun"? Wanda ya zage shi ya dube shi ne ya yanke masa gida da coci.

Ga ma'aunin da nake so ku riƙe. Ku bi kalmar ku ga inda take sauka. Idan tana tsayawa kan mai riga, ya tuɓe rigar ta rabu da shi, to ta ƙwallo ce. Idan kuwa tana bin sa gida, ta sami uwarsa da ba ta san ko mutum nawa ke buga wasan ba, ta sami maƙwabcinsa, ta sami jaririn da aka haifa jiya a gidansu, to ta bar fili. A bangayen Belfast ana rubuta wasu haruffa uku-uku da ma'anarsu ita ce a kashe duk 'yan wancan ɓangare, kuma ɗaya daga cikinsu da wannan kalma ta "Hun" ake haɗa shi. Masu rubutun ba jadawalin gasa ke gabansu ba. Ɗan Celtic na iya cewa da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma ban ƙaryata shi ba. Sai dai kalma ba mallakar mai faɗinta ba ce shi kaɗai. Wasu sun riga shi amfani da ita, sun loda mata kaya, kuma da kayan take isa kunnen mai ji.

Abin ma yakan juya, riga ta ba mutum addinin da ba nasa ba. A ƙarshen Disambar 1948, bayan wasan Linfield da Belfast Celtic, 'yan kallo suka afka cikin fili suka karya ƙafar ɗan wasan gaba na Belfast Celtic, Jimmy Jones. Shi kuwa Furotesta ne kamar waɗanda suka tattake shi. Belfast Celtic ta fice daga gasa a 1949, ba ta sake dawowa ba. A 1995 kuma wani yaro ɗan shekara 16 yana komawa gida daga kallon wasan Celtic, ya ratsa unguwar Bridgeton a Gilasgo, wani saurayi da bai taɓa sanin sa ba ya yanka masa wuya. Ba su yi cacar baki ba. Launin ƙungiya ya gani. Wata ƙawar yaron, Cara Henderson, ita ta kafa ƙungiyar Nil by Mouth a 2000 don yaƙi da wannan ƙiyayya, kuma ƙungiyar ta jera "Hun" da "Fenian" a sahu ɗaya.

Na san abin da mai kaifin baki a cikinku zai ce: ai su ma suna kiran kansu da sunan. Gaskiya ne, akwai 'yan Celtic da ke bugun ƙirji da kalmar "Fenian". A Landan ma 'yan Tottenham sun ɗauki wata kalmar wulaƙanci da ake jifan Yahudawa da ita suka mayar da ita kirarinsu, saboda an daɗe ana zagin su da ita. Rigimar ta kai ga a 2013 hukumar ƙwallon Ingila ta yi gargaɗi, firaministan lokacin David Cameron ya sa baki yana cewa da bambanci tsakanin mai kiran kansa da mai zagin wani, aka kama magoya baya uku, aka janye tuhumar a 2014. Daga ƙarshe a 2022 ƙungiyar da kanta ta roƙi mutanenta su bar kalmar. Dalili kuwa a fili yake: yawancin masu rera ta ba Yahudawa ba ne, kuma duk sanda suka rera, 'yan wata ƙungiyar sukan mayar da martani da abin da ya fi muni, har da kwaikwayon ƙarar iskar gas ɗin da aka hallaka Yahudawa da ita. Wanda ke shan ciwon a ƙarshe shi ne Bayahuden da ke zaune a filin, ko da kuwa ƙungiyar da yake so ce ta fara.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma tamu ce ta gida. Za ku ce mini, yaya, ai mu mun gaji zagin asali a matsayin wasa. Bafulatani ya ga Babarbare ya kira shi bawansa. Bagobiri da Bayarabe ba sa haɗuwa su rabu ba a taɓa juna ba. Bakano da Bazazzagi haka, taubasai haka, jika da kaka haka. A Nijar al'adar ta yi ƙarfin da hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam a 2014. Kuma wannan wasa kai tsaye yake ambaton ƙabila, abin da mutum ba ya iya tuɓewa. To ina ma'aunin naka?

Tambayar ta yi kyau, kuma ta nuna cewa ambaton asali shi kaɗai ba shi ne laifin ba. Amma ku dubi abin da ke ƙarƙashin barkwanci. Amana ce. Abokin wasanka yana da izinin ya yi maka tsiya a tsakiyar kasuwa, amma ba shi da izinin ya cuce ka, kuma ba ya tsayawa yana kallo a cuce ka. Idan ka sauka a garinsu baƙo, shi ne mai ba ka ruwa yana cewa bawansa ya zo. Idan watan cika-ciki ya kama, ana bin juna kuɗin shara ana dariya. Bakin kowa a buɗe yake, wanda aka taɓa yau shi zai rama gobe, kuma babu wanda aka hana aiki ko aure ko gidan haya da kalmar da ake tsokanar sa da ita. An kuma san iyaka. Ban taɓa jin abokin wasa na ƙwarai ya taɓa sallar abokinsa ko Annabinsa ba. Kalmomin Gilasgo ba su da ko ɗaya daga cikin wannan. Babu alkawari a bayansu. Abin da ke bayansu shi ne ƙofar ma'aikata da aka rufe wa kakan wani, da gawar yaro a bakin titi. Mai cewa tsokanar ƙwallo barkwanci ce ya fara nuna mana amanar tukuna. Kai da wanda kuka haɗu yau a benci ɗaya, ko wanda ba ka taɓa gani ba sai a Facebook, wace amana ce tsakaninku?

Hukuma a Sikotlan ta gwada maganin abin da doka, kuma labarin gwajin ya cancanci ku sani. Tun 2003 dokarsu ta ce idan aka aikata laifi kuma aka ga ƙiyayyar addini a ciki, hukunci zai ƙaru. A 2006 hukumar ƙwallon Turai ta ci tarar Rangers saboda waƙoƙin 'yan kallonta, a 2011 ta ci tarar Celtic saboda masu rera yabon 'yan bindigar IRA na Ailan. A 2009 babbar kotu ta ce wata waƙa da ke cewa jikokin 'yan gudun yunwa su koma inda suka fito wariyar asali ce. Sai shekarar 2011 ta zo da abin da ya fi ƙarfin kowa. A wani wasa na watan Maris aka kori 'yan Rangers uku, kocin Celtic Neil Lennon da Ally McCoist na Rangers suka kusa ba hamata iska a bakin fili. Aka aika wa Lennon ƙunshin abin fashewa ta gidan waya, shi da lauyansa da wata 'yar majalisa mai son Celtic. Lennon Katolika ne daga arewacin Ailan, wanda tun 2002 barazanar kisa ta sa ya daina buga wa ƙasarsa. A watan Mayu wani ɗan kallo ya tsallako ya kai masa hari a filin Hearts da ke Edinbara, kyamarori na ɗauka. A kotu gardamar ta koma kan kalma: wani mai gadin fili ya ce ya ji ya ce "Fenian", mutumin ya ce a'a, wani ashar ɗin ya yi. Masu taya alƙali yanke hukunci suka cire batun addini daga laifin.

Gwamnati ta fusata ta yi sabuwar doka ta musamman kan halin 'yan kallo, ta fara aiki a watan Maris na 2012. Dokar ta yi faɗi da yawa. Ta haramta duk abin da mai hankali zai ga ya ɓata rai, ta bar wa ɗan sanda ya tantance wace waƙa ce ta siyasa, wace ce ta addini, wace ce tsiya kawai. Aka riƙa kama samari, magoya bayan ƙungiyoyi daban-daban suka yi ta ƙorafi, lauyoyi suka ce an ware masu kallon ƙwallo da dokar da ba ta hawa kan kowa sai su. A watan Maris na 2018 majalisa ta soke ta da ƙuri'a 62 a kan 60. A ganina sokewar daidai ce, don dokar ta kasa bambance abin da nake ƙoƙarin bambance muku. Amma soke ta bai wanke kalmomin ba. Makon Kilmarnock ya zo ne ƙasa da shekara guda bayan haka.

Wani abu a gefe, kada a ɗauka duk zagin da ba na addini ba halal ne. Akwai masu yi wa Rangers ba'a da mutum 66 da suka mutu a turmutsutsun Ibrox a 1971. Akwai masu tsokanar Manchester United da haɗarin jirgin Munich na 1958, da masu tsokanar Liverpool da mutum 97 da suka mutu sanadin turmutsutsun Hillsborough. Babu coci ko masallaci a ciki, amma rashin tarbiyya ne tsantsa.

Yanzu mu zo kanku. Wataƙila kuna cewa wannan rigimar Turawa ce, Kirista da Kirista, ina ruwanmu. Efe Ambrose ɗan Kaduna ya yi shekaru a Celtic daga 2012, Umar Sadiq ɗan Kaduna ya je Rangers aro a 2018, mun kalle su ba mu tambayi cocin kowa ba. Haka ne. Amma ku tuna watan Afrilun 2019, sanda aka ga bidiyon wasu 'yan Chelsea a birnin Prague suna rera wa Mohamed Salah waƙa suna kiran sa mai tayar da bam. Chelsea ta hana uku daga cikinsu shiga fili a daren. Da a ce sun fito sun ce wasa suke, ɗan Liverpool kawai suke tsokana, wa zai yarda a cikinku? Har ɗan Chelsea na Fagge ya ji abin a jikinsa, don ya san ba Salah kaɗai aka nufa ba, har da shi da ubansa. Yadda kuka ji a ranar, haka Steve Clarke ya ji.

Gara mu, ƙungiyoyin da muke bi ba su rabu bisa addininmu ba. A gidan kallo ɗan Izala da ɗan ɗarika duk 'yan Madrid ne, Musa da Moses duk 'yan Arsenal ne, ƙwallo ta shiga su rungume juna ba su sani ba. A gari irin Kaduna, inda rikicin 2000 ya sa mutane suka ja jiki kowa ya koma unguwar 'yan uwansa, ko Jos bayan 2001 da 2008, wuraren da ke tara samarin ɓangarorin biyu a inuwa ɗaya ba su da yawa. Wannan ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma Gilasgo ma da irinta ta fara a 1888. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ƙananan maganganun da na fara ji. Wani ya ce ƙungiya kaza ta Yahudawa ce, mai son ta a binciki imaninsa. Wani ya ga ɗan wasa ya yi alamar kuros ya ce dubi arnen nan. Gardama ta yi zafi a kan bugun fanareti, sai ka ji an koma "kai dama ɗan bidi'a", "ku dama 'yan Shi'a", "nyamiri kawai". A shafukan ƙwallo na intanet, idan ɗan Arewa ya saka baki, sai wani daga Kudu ya watsa masa "aboki", kalmar da a bakinmu zuma ce, a nasa kuma kun san abin da yake nufi. Kun kuwa san yadda take ƙona ku. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya tsayawa kan riga.

Mu da muka yi karatun allo ba ma buƙatar kotun Sikotlan ta koya mana. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, ba ta kuma ware ranar wasa ba. Amma ko a ajiye wa'azi a gefe, lissafin mai sauƙi ne. Kalmar da aka taɓa kiran mutum da ita a ranar da ake ƙona unguwarsu, ba za ta zama abin dariya a kunnensa ba don yau an faɗe ta a gaban talabijin.

Mafi wuyar lamari shi ne wanda za ku fi yawan haɗuwa da shi. Kai da amininka ne, tare kuka tashi, sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Ƙungiyarsa ta farke ƙwallo a minti na 90, ka juya cikin raha ka ce masa "kai arne ne wallahi". Ya yi dariya, don tsakaninku akwai amanar da na ambata. Shi bai ji komai ba. Amma a bencin baya akwai Bitrus, wanda ya biya kuɗin shiga kamar kowa, kuma ƙungiyarku ɗaya da shi. Ya ji sunan da ake kiran mutanensu da shi ya zama abin da ake zagin wani da shi. Ba zai ce uffan ba, su biyu ne a cikin mutum sittin. Mako mai zuwa zai nemi wani gidan kallon a unguwarsu, inda kowa irinsa ne, inda kuma wani zai faɗi irin wannan kalma a kanku babu mai tanka masa. Mai gidan kallon da ya iya rubuta "ba a shan taba" a jikin langa-langa zai iya ƙara layi ɗaya a ƙasa. Kafin ya rubuta, wanda ya fi kusa da mai maganar shi zai taɓa shi ya ce, malam, zagi Arsenal ɗin dai, ka bar wancan.